Hatimi Arba'in na Datti Tela

Duk wanda ya zauna unguwar Wambai a shekarun nan ya san shagon Datti Tela, ko da bai taɓa kai ɗinki ba. Shago ne na kwano sama da ƙasa, na uku a jerin da ke fuskantar hanyar kasuwa, tsakanin mai shayi da Nnabuike mai gyaran rediyo. A lokacin garin nan Abuja ake ce masa, kafin gwamnati ta zo ta ari sunan, irin aron da ba a mayarwa, ta bar mu da Suleja.

Datti dogo ne siriri, da ɗan rankwafawa irin ta wanda ya shekara talatin yana leƙen kafar allura. Ba shi da mata. Ya taɓa yi, ta rasu wajen haihuwa ita da abin da ke cikin, bai sake neman wata ba, mutane suka yi ta magana har bakinsu ya gaji. A shagon yake wuni, a ɗakin bayan shagon yake kwana. Wata tsohuwa ke aiko masa da abinci a kwano ɗaya, ya ci rabi da rana ya rufe rabi. In ka ga haƙoransa a waje, to zare yake tsinkawa.

Nakan zauna a bencinsa saboda inuwa, kuma shi kaɗai ne a layin ba ya tambayata yaushe zan koma makaranta.

Ɗinkinsa ba laifi, amma ba shi ya sa aka san shi ba. Kati ne.

A wancan zamani kamfanoni ke kai mutane Makka, kowa da ofishinsa a Kano, suna hayar jirgi suna gasar cika shi. Ɗaya daga cikinsu, Tauraron Gabas, ya fito da wata dabara. Za a ba ka kati mai kauri, launin ƙasa, an ja masa gida arba'in. Duk maniyyacin da ka kawo ya biya kujera a wurinsu, akawu zai buga maka hatimi ɗaya, ɗan jirgi da shuɗiyar tawada, hancinsa na kallon sama. Ranar da gida arba'in ɗin suka cika, kujera ɗaya taka ce, zuwa da dawowa, ba ko sisi. Sharaɗinsu ɗaya, sai ka yi fasfo kafin a ba ka katin, don su san da gaske kake.

Datti ya karɓi nasa a shekarar da aka gama yaƙin basasa. Ya ɗinka masa jakar yadi daidai da shi, ya sa maɗauri, ya rataya a wuya cikin riga kamar laya.

Daga nan rayuwarsa ta rabu biyu. Rabin shekara yana kan keken ɗinki, rabi yana kan keken hawa. Da an fara haƙar doya sai ya rufe shago da hantsi ya nufi ƙauyuka, Maje da abin da ke bayanta, yana shinshinar wanda gonarsa ta yi kyau. Shi da ba ya iya magana uku a jere, sai ga shi a zauren mutane yana bayanin yadda jirgi yake. Bai taɓa shiga ba, amma ya san inda ake zama, ya san akwai bayan gida a ciki, ya san kunne kan toshe a sama kuma hamma ke buɗe shi. In mutum ya amince, Datti zai kai shi wurin mai hoto, ya riƙe masa hannu wajen allurar rigakafi, ya bi masa layin fasfo, ya ɗinka masa jakar kaya. In lokaci ya yi ya sa su a mota shi ma ya shiga, Kaduna, Zariya, Kano. Ya kwana da su a sansani, wani lokaci mako biyu, yana tsare kaya yana ɗebo ruwa. Ranar tashi ya tsaya jikin waya yana kallo har jirgin ya zama kamar ƙuda. Sai ya juyo tasha shi kaɗai, ya nemi motar gida.

Shekarar farko hatimi huɗu. Ta biyu bakwai. Akwai shekarar da ruwa ya yi gardama, ya samu biyu kacal, ɗayan ma sai da ya sha rantsuwa cewa jirgi ba ya faɗowa don an yi atishawa.

Ni na sa masa Alhaji Saura Kaɗan. Sunan ya bi gari kamar wutar kara, har yara na rera shi. Wata rana na faɗa a gabansa.

"Baba Datti, yau saura nawa? In fara koyon yi maka barka da sauka?"

Bai ɗago ba. "Wandonka na nan, ƙafa ɗaya na gama."

"To ɗayar fa?"

"Saura kaɗan."

Kwana tara na yi ina jiran ƙafar nan.

Mu dai a zatonmu sunan Alhaji yake nema, da haƙorin Makka, kamar kowa. Tsofaffin unguwa sun san ba haka ba ne, amma ba su faɗa. Ni a bakin Nnabuike na ji, shi ma sai bayan komai ya wuce.

Nnabuike mutumin gabas ne. Ya bar garin nan da iyali kafin yaƙi, ya dawo bayan yaƙi shi da akwatin kayan aiki, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsa saura. Da la'asar sakaliya sukan fito da kujeru su zauna a ƙofar shago, shi da Datti, gyaɗa a takarda a tsakaninsu. Sai su yi awa guda ba wanda ya ce uffan. Ina jin don haka ne Datti ya zaɓe shi ya gaya masa, mutumin da ba shi da dangi a gari balle ya kai musu.

Ga abin da ya gaya masa. Yana ɗan shekara shida iyayensa suka ɗauri niyyar Makka a ƙasa, kamar yadda ake yi a da, ana tafiya ana tsayawa ana ƙwadago. Shi ne ɗan fari. Da shi za a tafi, sai kurkunu ta fito masa a ƙafa, ba ya iya takawa. Aka bar shi wurin baffansa, aka ce shekara uku a dawo. Uban ya rasu a gonakin auduga na Sudan, wannan labari ya iso. Na uwar bai iso ba. Shekara talatin da wani abu shiru, har aka yi mata sadaka. Sai ga wani alhaji ya dawo ya ce ya ga wata tsohuwa a unguwar da mutanenmu ke zama a Makka, tana sayar da koko, duk wanda ta ji yana Hausa sai ta tambaye shi ko daga Abuja yake. Sunanta Yalwa. Idonta ya fara yana. Ta tambayi gidan baffan Datti da sunansa.

Watan da ya ji wannan, a watan ya tafi Kano ya karɓo kati.

Duk shekara yakan ƙulle daddawa da kuka da zane ɗaya, ya ba wanda ya fi yarda da shi cikin maniyyatan, ya kwatanta masa wurin. "Wata tsohuwa ce 'yar garinmu," haka yake cewa. Bai taɓa cewa uwata ba. Wasu sun kai, wasu sun yi miya da daddawar a Mina sun dawo sun ce ba su gan ta ba. Waɗanda suka kai, kowace shekara labarin idon sai ya ƙara muni.

Nnabuike ya ce ya taɓa ce masa, "Oga Tela, me ya sa ba ka sayar da keke, ka sayar da shago, ka tafi kawai?"

Datti ya ce ya kai keken an yi masa kuɗi. Da shi da shagon da gadon da yake kwana a kai, ba su kai shi Fort Lamy ba, garin da ko rabin hanya bai kai ba.

A shekara ta shida labari ya zo a rediyo cewa daga baɗi gwamnati ce za ta riƙa kai alhazai da kanta, kamfanoni su tattara. Nnabuike ne ya fara ji, tunda shi rediyo shida ke magana a kansa lokaci ɗaya. Ya leƙo ta taga.

"Oga Tela, nawa ne a katin yanzu?"

"Ashirin da biyar."

"Bana ne ƙarshe fa."

Datti ya ajiye almakashi. Bai sake buɗe shagon ba sai bayan wata biyu. Ya bi ƙauyuka har inda keke ba ya shiga, ya jingine shi ya taka. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Wandunan sallar mutane suna rataye ba ƙafa ba aljihu, masu su na zuwa suna zagin ƙofa. Mutum tara ya samo, abin da bai taɓa yi ba. Ya zama talatin da huɗu.

Ya tafi Kano da su duk da haka. Wannan karon ya ɗauki fasfonsa da katin allura da jaka, don ya ji ƙishin-ƙishin cewa kamfanin zai duba masu katin da suka kusa. Bai yi sallama da kowa ba sai Nnabuike, ya bar masa mabuɗin shago.

Abin da ya faru a ofishin, daga bakin Malam Gambo na ji, kuma ba shi da dalilin yi wa kansa ƙarya irin wannan.

Malam Gambo mutumin ƙauyen Garam ne, tsohon dillalin doya, ya haura saba'in, gajere mai farin gemu, hannunsa ɗaya na rawa. Shi ma yana da katin. Bai taɓa yawon neman kowa ba, abokan cinikinsa ne in za su tafi yakan rako su. Hatiminsa shida. Ya zo Kano ne don ya ji an ce za a rufe, ya ce bari ya je ya ji ko shidan nan za su ba shi ko da buta. Sun san juna da Datti sanin gaisuwa, sun taɓa haɗuwa a mota.

Akawun wani Bayarbe ne, Abimbola, ya daɗe a Kano har Hausarsa ta fi tawa. Shi ya buga wa Datti duk hatiman nan, ya san shi sarai. Ya karɓi katin ya ƙirga da bakin biro, ya sake ƙirgawa kamar zai ƙaru.

"Malam Datti, shida suka rage."

"Na sani."

"Manaja ya ce arba'in, arba'in ne. Amma ya ce abu ɗaya. Tunda rufewa za mu yi, in mutum biyu suka yarda, a haɗa kati biyu ya zama ɗaya. Jirgin ƙarshe jibi ne, akwai kujera." Ya ɗaga kai ya duba bencin masu jira. "Baba, kai nawa ne naka?"

Malam Gambo ya miƙo.

Abimbola ya ɗora katin biyu gefe da gefe, ya yi dariya. "Kun ga ikon Allah. Talatin da huɗu da shida. To ku daidaita, sunan wa zan rubuta?"

Ko jaririn da ke goye ya san amsar. Shi kansa akawun ya riga ya jawo fasfon Datti gabansa. Amma Datti a gidan baffa ya tashi, inda yaron riƙo ba ya fara miƙa hannu a akushi. Ga dattijo sa'an ubansa a tsaye, kuma hatimin dattijon zai ci. Ba ya yiwuwa a wurinsa ya ce a rubuta nawa haka gatsau. Sai an yi kara. Ka miƙa, a ce a'a, ka yi godiya, ka ɗauki abinka, kowa ya tashi da mutuncinsa. Haka ake yi da tsokar ƙarshe a kwano, haka ake yi da gaban mota.

Ya ce, "Baba, ai kai ne babba. A rubuta naka."

Malam Gambo ya ce, "Haba ɗana. Kai ka sha wahalar."

A nan ya kamata a tsaya. Da ni ne, kafin tsohon ya rufe baki na kai Jidda. Amma wanda aka yi wa tarbiyya da yawa ba ya gamsuwa da kara ɗaya, gani yake ta yi sauri, kamar dama jira yake a ƙi. Datti ya sake.

"A'a Baba, mu da sauranmu. Kai ya kamata."

Malam Gambo ya ce mini ya kalli katin, ya kalli hannunsa da ke rawa, ya tuna abokansa shida da ya rako nan, huɗu sun riga sun mutu.

"Na san kara ce," in ji shi. "Kada ka rubuta cewa ban sani ba. Wallahi na sani. Ina shirin cewa a'a, sai na ji bakina ya ce, to, Allah ya yi maka albarka."

Abimbola ya riƙe biro a sama. Ya dubi Datti. "Malam Datti, ka tabbata?"

Ofishin cike yake da mutane, kuma har wani ya fara cewa kai, ga ɗan halak, ga wanda ya san girman manya. Wani ya kama hannun Datti yana girgizawa. Datti ya ce, "A rubuta."

Aka rubuta. Aka kai sunaye filin jirgi a yammacin nan.

Washegari Datti ya samu Malam Gambo a sansani, ya buɗe jakarsa, ya fito da harami da ya yanka ya ajiye wa kansa tun shekara uku, da takalmin roba, da ƙullin daddawa da kuka da zane. Ya kwatanta masa unguwar da lungun.

"Wace ce?"

"Wata tsohuwa ce 'yar garinmu."

Malam Gambo dillali ne, ya shekara hamsin yana karanta fuskar mai saye. Ya ce, "Ɗana, dube ni. Wace ce?"

Datti ya dubi ƙasa. "Ita ta haife ni."

Tsohon ya tashi ba takalmi ya nufi ofishin, Datti na bin sa yana ba shi haƙuri. Abimbola ya ce sunaye sun tafi, an buga biza a fasfo, ko manaja ba ya iya sauyawa, in Malam Gambo bai hau ba kujerar za ta tafi wayam. Malam Gambo ya zauna a dakalin ofishin ya yi kuka a gaban jama'a. Datti ne ya ɗaga shi. Shi ya kai masa jaka har bakin waya, ya tsaya inda ya saba tsayawa.

Ranar da ya dawo ina kan benci. Mun ji cewa ya tafi da fasfo, don haka da na hango shi da jaka sai bakina ya riga hankalina, na ce, "A'a, Alhaji, har an dawo? Jirgin naku mai sauri ne." Ya karɓi mabuɗi wurin Nnabuike, ya buɗe shago, ya jawo wandon farko da ke rataye ya fara sa masa ƙafa. Ban sake kiransa da sunan nan ba, kuma duk yaron da na ji ya faɗa sai ya sha ranƙwashi.

Bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki Alhaji Gambo ya sauka. Bai wuce gida Garam ba, wurin Datti ya fara tsayawa, da jakarsa da komai. Ya shiga shagon suka daɗe. Ashe ya sami uwar Datti a Makka. Kwana uku yana zuwa yana zama wurinta. Idon ya tafi gaba ɗaya, wata maƙwabciya ke dama mata kokon. Ya roƙi wani alhajin Kaduna da ya sayi rikoda ya ara masa, ya sayi kaset, ya ɗauko muryarta.

Datti ba shi da rikoda. A lokacin gidaje uku ne a unguwar ke da ita, duk na sababbin alhazai, kuma in za a kunna sai an shimfiɗa tabarmi rabin unguwa ta taru. Ba zai kai can ba. Kaset ɗin ya kwana tara a aljihun rigarsa. In ya sunkuya kan keke sai ka ga kusurwarsa ta turo yadi.

Ran na goma, bayan azahar, Nnabuike ya shigo da wata rikoda da aka kawo masa gyara, ya ɗora a kan teburin yanka, ya sa batir, ya nuna masa maɓallin da zai danna.

"Wannan ne tafi, wannan ne tsaya. Kada ka taɓa ja ɗin, zai goge."

Ya fito ya ja ƙofar, ya ɗauko kujerarsa ya zauna a bakinta kamar ɗan doka. Wata mata ta zo da yadi, ya ce, "Tela ba ya nan, Mama. Gobe."

Abin da ya manta shi ne dalilin da ya sa aka kawo rikodar gyara. Abin rage muryarta ne ya lalace. Ga shago na kwano. Duk layin muka ji, tun daga mai shayi har mai facin taya. Ba wanda ya tashi, ba wanda ya dubi wani. Mai shayi ya ci gaba da goge kofi ɗaya har aka gama.

Da farko hayaniya ce, hon na motoci, wani na ihu da Larabci, sai tarin Alhaji Gambo. Sannan muryarsa, "Hajiya, yi magana, yana ɗauka."

"A ina zan yi?"

"Ko'ina. Nan, nan gabanki."

Murya ce ƙarama, a shaƙe, Hausarta irin ta kakanninmu da ɗan Larabci a ciki. Ta yi sallama. Ta ce a gaishe da mutanen gida. Sai ta fara jero su ɗaya bayan ɗaya, da sunan kowa da na ubansa, wance mai tukwane, wane maƙeri, wane mai kiran salla. Mai facin taya, wanda ya girme mu duka, ya gaya mini daga baya cewa cikin duk waɗanda ta gaisar ba mai rai ko ɗaya. Ta tambaya ko har yanzu mata na wanki a rafin Iku. Ta tambayi wata tsamiya da aka sare tun ban zo duniya ba. Ta ce daddawar bara ta fi ta bana, a gaya wa mai yi ta rage toka. Ta yi ta yi, ta koma kan maƙerin ta sake gaishe shi.

Alhaji Gambo ya katse ta. "Hajiya, ɗanki fa? Na gaya miki shi ya ba ni kujerar nan. Shi zai ji wannan. Ki yi masa magana."

Shiru. Kaset na juyawa, ana jin wata akuya can nesa. Ya daɗe har na zaci batir ne ya mutu.

Ɗan fari ne. Shekara arba'in da teku a tsakani ba su cire mata kunyarsa ba.

"Shi wannan ɗin," ta ce. "Yana cin abinci?"

"Yana ci."

"Dogo ne?"

"Dogo ne sosai. Sai na ɗaga kai."

"Haka uban yake." Ta sake tambaya, "Ƙafar ta warke?"

"Wace ƙafa?"

"To ta warke ke nan." Aka ji motsin kwano. "Malam, ka ce masa ya rage shiga rana. Tun yana ƙarami haɓo yake yi in ya sha rana. Ba ya faɗa, sai dai ka ga jini a riga."

"Shi ke nan saƙon?"

"Ka ce an gode da zane. Kashe abin nan haka, kada ya cinye maka wuta."

Aka ji ƙarar maɓalli.

Ƙofar ba ta buɗe ba sai da aka kira la'asar. Datti ya fito da rikodar a hannu biyu, ya miƙa wa Nnabuike. Fuskarsa kamar kullum.

"Nna, abin nan yana ƙarewa in ana yawan sa shi?"

"Yana gajiya. In rikoda mai kyau ce zai daɗe. Wannan za ta iya tauna shi."

"To a bar shi ya huta."

Bayan nan, duk sanda aka kawo wa Nnabuike rikoda mai lafiya, kafin ya mayar wa mai ita sai ta yi awa guda a shagon tela, wai gwaji. Mai ita ba ya sani, mu kuma ba mu gani ba.

Da shekara ta zagayo Datti ya ƙulla daddawa ya ba wani maniyyaci na gwamnati. Mutumin ya dawo da ƙullin. Ya ce ya sami lungun, ya sami maƙwabciyar, ta ce tsohuwar ta rasu a watan azumi, an yi mata salla a Harami. Mutane suka zo gaisuwa suna cewa ta dace, kuma gaskiya ne. Datti ya zauna kwana uku a ƙofar shago yana amsawa. Alhaji Gambo ya zo daga Garam ya zauna gefensa duk kwana ukun, ba su yi maganar Kano ba.

Yana nan har yanzu, shago na uku. Ya daina zuwa ƙauyuka, ba abin da zai kai shi. Tafiyarsa ba ta wuce masallaci da kasuwar zare, taku ɗari biyu ba ta kai ba. Amma ba ya fita sai da malafa, wata faffaɗa irin ta makiyaya, a kan hular da ke kansa. Mutum mai shekara hamsin, tela, a tsakiyar gari. Ran nan na kasa haƙuri.

"Baba Datti, shanun fa? Ko an kora su gaba?"

Ya gyara igiyar malafar a ƙarƙashin haɓarsa.

"An ce in rage shiga rana."